Amsoshin Tambayoyinku: Na sauka Abuja ko Legas, wace mota zan hau?

Tambaya: Assalamu alaikum. Zan raka mahaifiyata Asibitin Ƙasa da ke Abuja. Daga filin jirgin Lawanti za mu tashi, ban taɓa shiga jirgi ba, ban kuma san Abuja ba. Wallahi ko barcin kirki ba na yi. *Wata 'yar uwa daga Jekadafari, Gombe*

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Mama lafiya, ke kuma ya saka miki da alheri. Kwantar da hankalinki, abin bai kai yadda kike tsoro ba. Ku isa Lawanti da wuri, kowa da katin shaidarsa, kuma tun wajen sayen tikiti ki faɗa musu kina tare da mara lafiya don a tanadar mata keken turawa. Filin jirgin Nnamdi Azikiwe ba a cikin gari yake ba, kusan kilomita 40 ne zuwa tsakiyar birni ta titin da ya ratsa Lugbe. In kuna da ɗan uwa a can, ki kira shi tun kuna Gombe ya zo ya tarbe ku, babu abin kunya a ciki. In babu, ki hau tasin filin jirgi mai rajista, ko ki kira Bolt ko Uber ta waya. Kuɗin zai girgiza wanda ya saba da kuɗin Keke daga Pantami zuwa kasuwa, amma ki biya. Ki dai gama ciniki kafin a ɗora jaka a mota.

Tambaya: Zan je Abuja ganawar neman aiki. Abokina ya ce tasin filin jirgi ɓarnar kuɗi ce, in fito bakin titi in tare mota, araha ce sosai. *Ɗalibi daga Yelwa, Bauchi*

Amsa: Ɗana, wannan abokin naka bai ba ka shawarar alheri ba, kuma zan ɗan tsaya a nan domin abin ya daɗe yana ci mini rai. Mutum zai biya kuɗin jirgi ba tare da ko ƙorafi ba, ya ɗinka sabon yadi na zuwa birni, sai an zo kan abin da zai kai shi masauki lafiya ya tuna da tsimi. Garin neman gira a rasa ido.

Ka taɓa jin 'yan wan-cans? Mota ce za ta tsaya maka da fasinjoji a ciki, saura kujera ɗaya. Wani lokaci har da mace a cikinsu, don hankalinka ya kwanta. Direba zai kira wurin da za ka, ya faɗi kuɗin da ya fi na kowa sauƙi. Kana shiga a saka ka tsakiya, a ɗaga gilashi, a kulle ƙofa. Duk bakinsu ɗaya. Za su karɓe waya da katin banki, su tilasta ka faɗi lambar sirri, su yi ta yawo da kai har su kwashe abin da ke asusunka, sannan su jefar da kai inda suka ga dama, wani lokaci mota na tafe. Akwai waɗanda suka rasa rayukansu ta haka. Baƙo kuwa daga nesa ake gane shi: jaka a hannu, yana waige-waige, yana tambayar hanya.

Kuma ba masu sauka daga jirgi kaɗai nake wa magana ba. Ku da ke bin Yankari Express ko Gombe Line ta Jos da Akwanga da Keffi, cunkoson Mararaba da Nyanya kan sa dare ya yi muku a hanya. Kada gajiya ta sa ku sauka bakin titi ku tare kowace mota. Ku bari a kai ku tasha, ku hau motar da aka yi lodinta a gabanku, inda 'yan kamasho suka san direba. In ta waya kuka kira, ku duba lambar mota da fuskar direba su yi daidai da abin da wayar ta nuna, ku tura wa wani na gida. Direban da ya ce a soke tafiyar a waya a daidaita a baki, a ce masa a'a. Kuma don Allah a daina tara duk kuɗin tafiya a asusun da ke haɗe da waya.

In sauƙi kake nema na gaskiya, akwai jirgin ƙasa na cikin birni. An buɗe shi a 2018, ya tsaya, aka dawo da shi a 2024. Yana tashi daga filin jirgi ya bi ta Idu, inda ake hawa jirgin Kaduna, ya kai tsakiyar gari. Yana da lokutan tashinsa, don haka ka tambayi ma'aikata kana sauka. Allah ya ba da sa'ar aikin.

Tambaya: Zan samu ɗan acaɓa daga Utako zuwa Wuse? *Daga Wunti*

Amsa: Ba za ka samu ba. An hana acaɓa a tsakiyar Abuja tun 2006. Tasi za ka hau.

Tambaya: Zan je gaida surukai a Gwarinpa. Ina son ɗaukar hayar jif ta kwana uku don su san ba ƙaramin mutum ba ne. Wace iri ta fi? *Daga Tumfure, Gombe*

Amsa: Malam, ba ni da amsar wannan. Surukan da suka ba ka 'yarsu sun riga sun bincika ko kai wane ne. Kuɗin hayar ka yi musu tsaraba da shi.

Tambaya: Zan je Legas karon farko, daga can in wuce ƙasar waje, amma zan kwana wajen ɗan uwana a Agege. *Ɗan kasuwa daga Gombe*

Amsa: Alhaji, filin jirgin Murtala Muhammed a Ikeja yake, Agege kuwa maƙwabciya ce, sai dai kusa a Legas ba ya nufin sauri. Ɓangaren jiragen cikin gida daban, na ƙasashen waje daban, sai an hau mota tsakaninsu. Na cikin gidan ma biyu ne, ku duba tikiti ku ga inda za ku sauka kafin ku faɗa wa mai tarbarku. Kada ku sa rai da acaɓa, an hana shi a Ikeja. Manyan motocin BRT da katin Cowry ake hawansu, ba a miƙa kuɗi a hannu. Danfo kuwa, wato ƙaramar bas ta haya, ku bar shi sai kuna tare da ɗan gari, domin kwandasta da gudu yake kiran sunayen unguwanni, kunnen baƙo ba ya kamawa. Duk wanda ya tare ku a ƙofar fita yana jan jakarku yana cewa ga mota, kada ku sakar masa. Ranar tashi ku baro Agege da sassafe, gara ku zauna jira a filin jirgi.