Amsa: Ƙaramin injin tururi yana huci amma ya ƙi juyawa

Malam, ka ce tururi yana fita ta bututun salansa ba tsayawa, wilin kuma sai ya yi rabin zagaye ya cije. A ganina bawul ɗin, wato ƙarfen da ke buɗe wa tururi hanyar shiga silinda yana rufewa, shi ne bai kwanta daidai a fuskar da yake zamiya a kai ba.

Irin wannan bawul mai zamiya, ƙarfin tururi ne ke danne shi a kan ramukan silinda. Notin da ke riƙe shi a jikin sandar da ke tura shi dole ya bar masa ɗan sarari ya yi lilo. Da yawa suna ɗaure notin tamau, sai bawul ya ɗaga, tururi ya bi ta ƙarƙashi ya wuce. Sassauta notin tukuna. In akwai ƙarzuwa a fuskar, ɗora sanfefa mai laushi sosai a kan gilashi, ɗiga mai, ka goga a hankali har ta yi sumul.

Daga nan cire murfin akwatin bawul, juya wilin da hannu kana kallo. Ramukan biyu su buɗe daidai wa daida. In ɗaya ya fi buɗewa, gyara tsawon sandar. Faifan da ke tura bawul ya riga karankin fistan, wato hannun da fistan ke turawa ya juya wili, da digiri 90 da 'yan kai, ta yadda rami zai fara buɗewa lokacin da fistan ya kai ƙarshe. Sukurun da ke riƙe faifan yakan kwance, duba shi.

Gwada da iskar famfo kaɗan kafin ka kunna wuta, don kada ka ƙona yatsu. Man injin tururi kawai za ka sa, na mota ba ya jure tururi.