Hukuncin Saka Jelatin Alade a Ƙashin da Ya Ƙi Haɗuwa

Tambaya: Malam, ƙanena ya karye a cinya cikin haɗarin mota. Mai ɗori ya yi nasa, asibiti sun yi nasu, wata tara ƙashin bai haɗu ba. Yanzu likita ya ce za a cusa wani abu mai danƙo a gurbin, wanda zai riƙa sakin magani a hankali har ƙashi ya tofo. Amma mun ji ana yin irinsa da fatar alade. Ya halatta?

Amsa: Allah ya ba shi lafiya. Abin da likitan yake nufi shi ne haidirojel, wani danƙo mai riƙe ruwa kamar soso. A cikinsa ake ɗura sinadarin da ke zaburar da ƙashi ya tsiro, irin BMP-2, dangin sinadaran da likita Marshall Urist ya gano aikinsu a 1965 a Amurka. Hikimar danƙon ita ce kada maganin ya zube lokaci guda, domin in ya yi yawa yakan kawo kumburi, ko ƙashi ya fito inda ba a so. Daga baya danƙon ya narke a jiki.

Sinadarin kansa babu matsala, a ɗakin gwaji ake samar da shi. Maganar tana kan danƙon. Wani daga ciyawar teku ake yin sa, wani daga ɓawon jatan lande, wani daga saniya, wani kuma jelatin ne, wato danƙon da ake samu in an dafa fata ko ƙashin alade. Don haka kafin komai ku tambayi likitan wanne ne zai saka. Mutanenmu suna jin nauyin yi wa likita tambaya, alhali haƙƙinsu ne.

In akwai mai tsarki da zai yi aiki daidai, kuma kuna da halinsa, shi za a ɗauka. In babu, na aladen ya halatta. Imam Nawawi ya faɗa a littafinsa Minhaj cewa wanda ya haɗa ƙashinsa da wani ƙashi mai najasa saboda rashin mai tsarki, yana da uzuri. Wannan fa ƙashi ne sukutum, balle abin da aka dafa aka sarrafa. Taron malamai da likitoci a Kuwait a 1995 ma ya tafi a kan cewa jelatin ya sauya daga asalinsa, wato istihala, ya zama mai tsarki. Wasu malaman ba su yarda sauyin ya cika ba, ni ma zuciyata ta fi karkata can, shi ya sa na gina amsar a kan lalura. Kuma Annabi (SAW) ya umarci Arfaja ɗan As'ad, sahabin da aka yanke wa hanci a yaƙi, ya sa hancin zinare bayan na azurfa ya yi wari, duk da zinare haramun ne ga maza.

Sallar ƙanenka ta inganta, ba zai rama ba, kuma ba a buƙatar a ciro komai. Sharaɗi ɗaya: likitan ya zama masani amintacce, ya kuma faɗa muku illolin kafin ku sa hannu. Wallahu a'alam.