Me ya sa gwamnati za ta biya wa talaka lauya a shari'ar da ba ta laifi ba?

Ɗan'uwa, ka tambaya don me za a ɗebi kuɗin haraji a ɗaukar wa mutum lauya, alhali ba laifi ake tuhumarsa da shi ba, rigima ce kawai ta haya ko ta aure.

To ai a irin waɗannan shari'o'in ne mutum ke rasa muhallinsa, ko 'ya'yansa, ko albashin da ya yi wa gumi. A Amurka, tun hukuncin da Kotun Ƙoli ta yanke a shari'ar Gideon a 1963, wanda ake tuhuma da babban laifi yake da haƙƙin samun lauya kyauta, amma matar da za a kora daga gidan haya tsarin mulki bai ba ta wannan ba. Shi ya sa majalisa ta kafa Legal Services Corporation a 1974, don raba kuɗi ga ƙungiyoyin da ke tsaya wa marasa ƙarfi. Kuɗin ba ya isa. Kusan rabin masu zuwa neman taimako hannu rabbana suke komawa.

Ingila ta fara bayar da irin wannan taimako tun 1949, sai wata dokar 2012 ta cire yawancin shari'o'in iyali daga cikinsa. Mutane suka cika kotu ba lauya, zama ya riƙa jan lokaci. Abin da ke ci mini rai shi ne a ga mai gida ya zo da lauyansa, 'yar haya kuwa ko sammacin ba ta fahimta ba.