Ba Sai An Ga Jini a Hankici Ba

TAMBAYA: Assalamu alaikum Likita. Ni mai zane ce, ina yi wa littattafan yara hotuna. Wata ƙungiya a unguwarmu ta ba ni aikin fosta ta faɗakarwa a kan tarin fuka, sai na zana mutum ramamme riƙe da farin hankici mai ɗigon jini, kamar dai yadda muke gani a finafinai. Abin da ya tayar mini da hankali shi ne, da ƙanin mijina ya ga zanen sai ya ce alhamdu lillahi, nasa tarin ba wannan ba ne, tunda bai taɓa ganin jini a hankicinsa ba. Wata biyu ke nan yana tari, duk ya rame, kuma gida ɗaya muke, ga yara ƙanana. Daga ina wannan hoton hankici ya samo asali? Kuma in bar shi a fostar ko in cire? — Wata mai karatu daga Gusau

AMSA: Wa alaikumus salam Malama. Kafin mu shiga maganar zane, ki sa maigidanki ya kai ƙaninsa a gwada kakinsa a cikin makon nan. Tarin da ya kai mako biyu ya isa dalilin gwaji, balle na wata biyu da rama a kai. Gwajin da maganin duk kyauta ne a asibitocin gwamnati masu sashen DOTS, wato sashen kula da masu tarin fuka, kuma in ba ku san mafi kusa da ku ba, akwai layin kyauta na 3340.

Hoton da kika zana gadon Turai ne na ƙarni na 19, lokacin da cutar take cinye samari da 'yan mata a biranensu ba tare da magani ba. Mawaƙin Ingila John Keats, wanda ya yi karatun likitanci, ya yi tari ya ga jini a watan Fabrairun 1820, ya kuma gane abin da yake nufi. Shekara ɗaya bayan nan ya rasu a Rum yana da shekara 25. A Faris, wata sananniyar mata, Marie Duplessis, ta mutu da cutar a 1847 tana da shekara 23. A kanta marubuci Alexandre Dumas ƙarami ya rubuta littafinsa na 1848, daga labarin kuma mawaƙin Italiya Verdi ya ɗauko wasan waƙa na La Traviata a 1853. Daga nan kyakkyawar mace mai tari ta zauna daram a dandamalin Turai, ta wuce zuwa fim, finafinan duniya har da namu suka gaje ta.

Ke da kike mai zane kin fi ni sanin dalilin da ya sa hankici ya yi nasara. Sautin tari ba ya zanuwa. Rama tana ɗaukar watanni, ba a nuna ta a fitowa ɗaya. Amma ja a kan farin ƙyalle, wanda yake zaune a kujerar ƙarshe ma zai hango, kuma a fim ɗin baƙi da fari tabon yana fitowa sarai ba sai an yi magana ba. A zamaninsu kuma hoton ba ƙarya yake yi ba. Sai 24 ga Maris 1882 Robert Koch ya sanar da gano ƙwayar cutar a Balin, maganin farko mai kashe ta kuwa, wato streptomycin, sai 1943 aka gano shi. Wanda ya ga jini kafin nan, yana da hujjar tsorata.

Yanzu ga abin da yake ci mini tuwo a ƙwarya, kuma kullum sai na ci karo da shi a wurin aiki. Mutane sun ɗauki alamar da aka zaɓa don sauƙin kallo sun mai da ita ma'aunin cuta. Mafi yawan masu tarin fuka ba sa tarin jini. A ƙananan yara ma da wuya a gan shi. Idan jinin ya zo, sau da yawa cutar ta riga ta yi rami a huhu ta taɓa jijiyar jini, wato gara ta daɗe tana cin azara kafin ƙasa ta fara zubowa daga rufi. Abin da cutar take fara nunawa ba ya da ban mamaki ko kaɗan: tari mai naci, zazzaɓi-zazzaɓi da yamma, gumin dare har riga ta jiƙe, rashin son abinci, wando yana yi wa mutum yawa. Duk tsawon watannin da yake buɗe hankici yana dubawa yana hamdala, ƙwayar tana fita cikin iskar ɗakin da yake kwana. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mai cutar da ba ya shan magani yana iya harbin mutum 5 zuwa 15 a shekara. Su wane ne waɗannan mutanen? Matarsa, 'ya'yansa, abokin zamansa a shago, wanda suke sahu ɗaya. Najeriya ce ta fi kowace ƙasa a Afirka yawan masu wannan cuta, kuma jinkirin zuwa gwaji yana cikin manyan dalilai.

Abin takaicin bai tsaya nan ba. Ranar da jinin ya bayyana, maimakon a nufi asibiti, sai labari ya sauya. Sai ka ji an ce sammu ne, an ba shi wani abu a abinci, kishiya ce, abokin kasuwanci ne. Fim ma ya taimaka a nan, domin da hankicin nan guda ake nuna wanda aka sa wa guba. Sai a kai shi wurin mai ba da maganin amai wai a fitar da abin da aka ci da shi. Mutumin da jijiya ta fashe a huhunsa, a sa shi kakari da yunƙurin amai! Na ga waɗanda aka kawo mana bayan irin wannan, jiki ya ƙare, dukiya ta ƙare, zumunci kuma ya lalace saboda zargin da ba shi da tushe. Ba na hana kowa addu'a, ni ma ina yi. Amma ɗora wa baiwar Allah laifin kisa a kan cutar da na'ura take ganowa cikin kimanin awa biyu zalunci ne, kuma za a tambayi wanda ya yi shi.

Sai masu lasifika a tasha da bakin kasuwa, da jarka ɗaya mai maganin tari da basir da sanyi gaba ɗaya. Waɗanda suka fi su haɗari ma su ne wasu masu kemis da suka san sunan maganin gaskiya. Su ƙirga wa mutum ƙwayar rifampicin ta kwana biyar, ko su yi masa allura uku, tari ya lafa, ya ce ya warke. Bai warke ba, an dai koya wa ƙwayar cutar jure magani ne. Maganin tarin fuka na yau da kullum wata shida ne cur: iri huɗu a wata biyun farko, iri biyu a wata huɗun da suka rage, ba tsallake. Wanda ya gutsuttsura shi yana iya komawa da nau'in da ba ya jin magani, wanda jinyarsa ta fi wuya. A gaya wa mai sha tun farko cewa rifampicin yana mai da fitsari ja-ja, domin wasu da sun gani sai su ce jini ne su watsar da maganin.

Kuma ba kowane jini a kaki ne tarin fuka ba. Ciwon huhu na nimoniya yana kawo shi, haka buɗewar hanyoyin iska bayan tsohon ciwo, da dajin huhu musamman ga mai shan taba, da wani ciwon zuciya. Na'urar gwajin kaki ta GeneXpert da hoton ƙirji ne suke rarrabewa. Jini mai yawa kuwa ba ya jiran gobe, a tafi asibiti a lokacin.

Fostarki, shawarata ki cire jinin amma ki bar hankicin, ki sauya masa aiki. An taɓa yin haka. Lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Ma'aikatar Lafiya ta Ingila ta sa mai zanen barkwanci H. M. Bateman ya yi mata fostoci masu nuna mutum yana atishawa a cikin jama'a baki buɗe, da saƙon a tare ƙwayoyin cuta da hankici. A can hankicin kariya ne ga na kusa. Ki zana mutum mai kamanni irin na kowa, ba ƙwarangwal ba, da hula da rigarsa, ya rufe bakinsa da hankici mai tsabta, taga a buɗe a bayansa, kalanda a bango an zagaye mako biyu. In da wuri, ki ƙara hoto na biyu: shi ɗin dai, riƙe da ɗan kwanon gwajin kaki, ko ya koma bakin sana'arsa bayan wata shida. Idan kika zana wanda ya kusa mutuwa, duk mai tafiya da ƙafarsa zai ce ba da shi ake ba. Kada kuma ki nuna an ware masa kwano da cokali. Ta iska cutar take yaɗuwa, ware kwano ba ya kare kowa, sai dai ya sa mai ciwo ya ɓoye tarinsa don kunya.

Kafin sakamako ya fito, ƙanin mijinki ya daina kwana ɗaki ɗaya da yaran, a riƙa buɗe tagogi, ya rufe baki in zai yi tari, a wanke hankicin da sabulu a shanya a rana. Idan gwaji ya tabbatar, ku kai duk 'yan gidan a duba su, musamman yara 'yan ƙasa da shekara 5, domin akwai maganin kariya da ake ba su ko da ba su nuna alama ba. Wani lokaci ma'aikatan suna cikin cunkoso ba za su tuna su tambaya ba. Ke ki ɗaga maganar da kanki, ki faɗi yawan yaran da shekarunsu. Allah Ya ba shi lafiya, Ya tsare sauran.