Tambaya da Amsa: Na sauya bawul, amma fitilar injin ta sake kamawa

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da a-kori-kura mai shan fetur, ƙirar 2002, wadda aka shigo da ita daga Amurka, kuma da ita nake dakon hatsi zuwa kasuwannin ƙauye. Fitilar gargaɗin injin ta kama a dashbod, aka jona na'ura ta nuna lamba P0401, sai bakanike ya ce bawul ɗin EGR ne ya mutu. Na sayi sabo aka ɗaura, aka cire kan batir fitilar ta mutu, amma bayan kwana uku ta dawo, ga shi kuma injin yana ƙwanƙwasa idan na hau tudu da kaya. Shin jabun bawul aka sayar mini? Daga wani mai karatu a Funtuwa.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Ba na zaton jabu aka ba ka, kuma mai yiwuwa tsohon bawul ɗin da aka cire lafiyarsa ƙalau. Lambar P0401 ba ta ce bawul ya mutu ba. Abin da take nufi shi ne kwamfutar motar ta ba da umarni a mayar da hayaƙi cikin injin, amma abin da ta ga ya shiga bai kai yadda ake bukata ba. Aikin EGR ke nan: ɗibar kaɗan daga hayaƙin salansa a gauraya shi da iskar da injin ke shaƙa, domin a rage zafin ƙonewar mai, wanda idan ya yi yawa yake haifar da iskar guba ta haɗin naitirojin da oksijin. Wannan zafin ne kuma yake sa ƙwanƙwasar da kake ji a kan tudu, saboda haka alamun biyu tushensu ɗaya.

Dawowar fitilar ba abin mamaki ba ce. Cire kan batir yana goge lambar ne kawai, sannan kwamfutar takan jira ta ga matsalar a tafiya biyu a jere, injin ya yi zafi, kafin ta sake kunna fitilar. Wannan al'ada ta cire batir hasara ce, domin tana tafiya da bayanan da kwamfutar ta adana na gudun mota da zafin injin a lokacin da matsalar ta faru.

Gwajin da ya kamata a yi tun farko ba ya cin minti goma. A motoci da yawa na wancan zamani zuƙar iska ce take buɗe bawul ɗin, ta wani siririn tiyon roba da ke samansa. A bar injin ya yi zafi yana silo, a zare tiyon, a jona ƙaramin famfon hannu mai zuƙar iska a ja. Idan hanya a buɗe take, nan take injin zai fara karkarwa kamar zai mutu, wani lokaci ma ya mutu ɗin. Idan kuwa ka ga sandar bawul ta ɗaga amma sautin injin bai canza ko kaɗan ba, to hanyar hayaƙin ce ta toshe da kunkunniya, kuma a motar da ta haura shekara 20 tana aiki wannan shi ne abin da nake fara zargi. Sai a kwance bawul da maƙogwaron totur a leƙa ramin da ke shiga manifol, wato bututun da ke raba wa injin iskar da yake shaƙa. Sau da yawa za a tarar da baƙin daskararren gawayi ya cike shi taf, har mutum ya ɗauka ƙarfe ne babu rami a wurin. Ana kankare shi da waya mai ƙarfi da maganin wanke kabireto, a kiyaye kada ɓarɓashin ya faɗa cikin injin, sannan a sa sabon gasket.

Idan injin ya yi karkarwar, bawul da hanya sun wanku daga zargi, sai a koma kan abin da ke buɗe bawul ɗin da abin da ke auna hayaƙin. A duba siririn tiyon ko ya tsage, a duba sulunoid, wato ɗan makunnin lantarkin da ke sakar masa iska. Ba ka faɗi kamfanin motar ba, amma idan Ford ce, irin su Ranger da F-150 na waɗannan shekaru galibi suna da wata 'yar na'ura mai suna DPFE, wadda tiyo biyu masu jure zafi suke haɗa ta da bututun hayaƙi. Tiyon kan ƙone ko ya zame, danshin hayaƙi kuma kan lalata na'urar. Da mitar auna wutar lantarki ake gane ta: wutar da take turawa ba ta wuce kusan bolt 1 idan bawul yana rufe, kuma dole ta hau sama da zarar an buɗe shi. Idan ta tsaya cik, ita za a sauya.

Wasu za su ba ka shawarar a toshe hanyar gaba ɗaya da ɗan farantin ƙarfe a huta. Ban goyi bayan haka ba, domin fitilar ba za ta mutu ba, za ta riƙa ɓoye maka wata matsalar da ka iya tasowa, ƙwanƙwasar kuma a hankali take cin fistin. Idan fitilar a tsaye take ba ƙiftawa take yi ba, kana iya tuƙa motar zuwa gareji, amma ka rage lodi har a gama gyara. Ka kuma karɓo tsohon bawul ɗinka daga hannun bakaniken, a gwada shi da famfon nan a gabanka.