Amsoshin Tambayoyinku: Matsattsaku, Ƙaho da Haushin Kaska

Wani ɗalibin koyon aikin jinya daga Zariya ya rubuto: "Allah ya gafarta Malam, na ji a rediyo an ce likitocin Turai suna magani da tsutsa mai shan jini. Shin ba ta da suna a Hausa ne?"

Tana da shi mana, ɗana. Sunanta matsattsaku, kuma duk yaron da ya taɓa wanka a kududdufi da damina, ko manomin shinkafa a fadama, ya san shi tun kafin mai fassarar ya san hanyar gidan rediyo. Lalaci ne kawai: mutum ya ga kalma a takardar labarai, ba zai tambayi masunci ko Bafulatanin da ke shayar da shanu a tafki ba, sai ya ƙago "tsutsa mai shan jini" ya watsa wa duniya. To ai ba tsutsa ba ce ma. Tsutsa takan rikiɗa ta zama ƙuda ko malam-buɗe-littafi, shi kuwa matsattsaku dangin tana ne, a haka yake rayuwa har ya mutu. Nahawu ya sa muna ce masa "shi", amma a halitta mata-maza ne.

Labarin da ka ji gaskiya ne. Irin wanda asibiti ke amfani da shi, masana suna kiransa Hirudo medicinalis, da ɗan'uwansa Hirudo verbana. Muƙamuƙansa uku, kowanne da ƙananan haƙora wajen ɗari, shi ya sa tabon cizonsa ke fitowa da reshe uku. Jinin da yake sha bai fi cokali ɗaya zuwa uku na shayi ba. Sirrin yana cikin miyaunsa. A 1884 wani likita ɗan Birtaniya, John Berry Haycraft, ya gano akwai abin da ke hana jini daskarewa a cikinsa, sinadarin da aka raɗa wa suna hirudin. Saboda shi da 'yan'uwansa, ko matsattsaku ya ƙoshi ya faɗi, wurin yakan ci gaba da tsattsafo da jini na sa'o'i.

Ga inda amfanin yake. Idan yatsa ko kunne ya guntule aka ɗinke shi, jijiyar da ke kawo jini tana da kauri, takan ɗinku. Waɗanda ke mayar da jini sirara ne, wani lokaci ba sa haɗuwa. Sai jini ya yi ta shiga ba mafita, naman ya kumbura, ya yi baƙi-baƙi, in an bar shi ya mutu. Nan ne ake ɗora matsattsaku, a riƙa sauyawa na wasu kwanaki har sababbin jijiyoyi su tsiro. Haka Dakta Joseph Upton ya ceci kunnen wani yaro mai shekara 5 a Boston a 1985. A 2004 hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da shi a matsayin kayan aikin likita.

Wata malamar makaranta daga Maraɗi ta ce: "Matsattsaku ko matsatstsaku?"

Matsattsaku. In "ts" ta ninka, harafin farko kaɗai ake maimaitawa, kamar a tsattsaura da tsattsage.

Wani daga Gusau ya ce kalmar daga "tsotsa" ta fito, yana neman in sa masa hannu.

Ba zan sa ba. Da daga tsotsa ce, da matsotsi muka samu, kamar yadda ɗinka ta ba mu maɗinki. Ina ka kai "k" ɗin? Kama da wane ba ta wane.

Wani wanzami daga Kano ya tambaya, da ɗan zafi: "Malam, wannan ba ƙaho ba ne kawai Turawa suka sauya wa riga?"

Sarkin aska, da ƙamshin gaskiya a maganarka, amma ba duka ba. A da can manufarsu ɗaya ce, a rage jini don a rage cuta. Ibn Sina ya yi bayanin sa matsattsaku a littafinsa na likitanci, Alƙanun. Faransa kuwa sai da ta mayar da abin hauka a zamanin wani likita François Broussais: a 1833 kaɗai an shigo da matsattsaku sama da miliyan 40 cikin ƙasar, zazzaɓi a sa, ciwon kai a sa, har aka kusa ƙarar da shi a fadamun Turai. Wannan ya wuce. Likitan yau ba "mataccen jini" yake nema ba, yadda kuke faɗa in kun zare ƙaho kun nuna wa mutum gudaji a ƙasa. Hanya yake buɗe wa jini na ɗan lokaci, a wuri ƙwaya ɗaya. Akwai dai wani bincike da aka yi a garin Essen na Jamus aka wallafa a 2003, kan mutum 51 masu ciwon gwiwa, inda waɗanda aka sa wa matsattsaku suka fi masu shafa man rage ciwo na diclofenac samun sauƙi a makon farko. Mutum 51 kuwa ba su isa a ce magana ta ƙare ba. Sannan kada wani ya ji wannan ya nufi kududdufi da kwalba. Na asibiti kiwonsa ake yi, sau ɗaya ake amfani da shi a kashe, kuma duk da haka sai an ba majinyaci maganin kashe ƙwayoyin cuta, don akwai wata ƙwaya mai suna Aeromonas da ke zaune a cikinsa.

Wani almajirin ilimi daga Kumasi: "Akwai dangantaka tsakanin alaƙa da Suratul Alaƙ?"

Akwai. Saiwarsu ɗaya a Larabci, mai nufin ratayuwa ko maƙalewa, kuma da ita Larabawa ke kiran matsattsaku. Ma'anar ayar kuwa, ka je wurin malaman tafsiri.

Wata daga Yola ta nemi ma'anar "kaska za ki mutu da haushin kifi".

Ana faɗa wa mai hassadar wanda ya fi ƙarfinsa. Kaska ta sha jinin saniya, ta sha na kare, amma kifi yana cikin ruwa, ba ta da hanyar isa gare shi. Masu cewa "haushin kifin ruwa" su daina ƙari, ban san kifin tudu ba. Matsattsaku dai bai shiga wannan karin maganar ba, don akwai danginsa da a jikin kifin suke rayuwa.

Na ƙarshe, wani manomi daga Haɗeja: "In matsattsaku ya kama ni, gishiri zan zuba ko wuta?"

Ko ɗaya. Suna sa shi ya yi amai cikin raunin. Ka sa farce ka ture bakinsa a hankali daga gefe, ka wanke da sabulu, ka danne wurin da tsumma mai tsabta.