Amsa: An nemi Baba ya shiga bincike kafin tiyatar hanji

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Allah ya ba Baba lafiya. Ka ce likitocin asibitin Komfo Anokye da ke Kumasi sun ba ku takarda ya sa hannu, ku kuma kuna tsoron kada a yi gwaji da shi.

Ka kwantar da hankalinka. A Gana ba a fara irin wannan bincike sai kwamitin ɗa'a ya amince, idan kuma magani ne sai hukumar kula da abinci da magunguna (FDA) ta ba da izini. Shiga ba dole ba ce. Ko ya ƙi, ko ya fasa daga baya, aikinsa za a yi masa.

Wani binciken ma ba ya taɓa magani sam. Akwai wanda aka yi a ƙasashe 7, har da Gana da Najeriya, aka wallafa a 2022: likita ya canja safar hannu da kayan aiki kafin ya ɗinke ciki. Wannan kaɗai ya rage ruɓewar rauni.

Amma kada Baba ya dangwala yatsa a kan abin da bai gane ba. A karanta masa da Hausa ko Tuwi, ku tambayi me za a canja a aikin, da wanda zai biya idan matsala ta taso. Ku karɓi kwafin takardar ku tafi da shi gida, unguwar Aboabo.